Buga hoton baƙi da fari ba tare da kore-kore ba: rubutun aikina tun Janairu

7 ga Janairu

To bismillah. Na yanke shawarar in dinga rubuta duk abin da na yi a wannan aikin, don na lura ina canza saiti in manta me na canza, gobe in sake maimaita abu ɗaya takarda tana ta ƙarewa. Aikin shi ne, akwai nagatif guda 14 na kakanmu marigayi da aka tsinta cikin wani tsohon ambulan, duk baƙi da fari ne, na riga na yi sikanin ɗinsu, yanzu so nake in buga su da hannuna a gida a sa su a firem.

Firintar da nake da ita mai fesa tawada ce, katirij shida: baƙi ɗaya, siyan, majenta, rawaya, sai siyan mai haske da majenta mai haske. Tawadar irin ta rini ce, wadda take narkewa a ruwa. Hoto mai kala tana fitar da shi lafiya lau ban taɓa ƙorafi ba. Yau na buga na farko, wanda kaka yake zaune da farar riga, a allon kwamfuta toka-toka ne tsaf, amma da ya fito fuskar ta yi kore-kore, inuwar ƙarƙashin haɓa kuma ta ɗauki wani ja-ja mai kama da ruwan hoda. Na ce ko idona ne, sai na kai wa Umma ban ce mata komai ba. Ta riƙe ta daɗe tana kallo sannan ta ce "kai, me ya sa fuskar Baba ta yi haka kamar ba shi da lafiya?" Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Na ce Umma ki yi haƙuri gwaji ne, zan gyara.

Don haka ga abin da nake nema a taƙaice: toka ta zama toka daga farin riga har zuwa baƙin inuwa, kuma ta zauna a haka ko da rana ko da dare.

9 ga Janairu

Kafin in ɗora wa firinta laifi na koma kan fayil ɗin. Ashe sikanin ɗin da na yi a yanayin kala na yi shi, kuma da na ɗora ma'aunin kala a kan goshin kaka lambobin ja da kore da shuɗi ba ɗaya ba ne, akwai bambancin uku zuwa huɗu. Toka ta gaskiya a fayil sai lambobin ukun nan sun zo daidai, misali 128, 128, 128. Na maida duka 14 ɗin zuwa toka zalla. Na sake bugawa. Ya ɗan ragu amma kore na nan.

Sai na buga gwajin nozul, wato layukan da ke nuna ko ƙananan ramukan fesa tawada sun toshe, abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko. Layukan majenta mai haske akwai giɓi har wuri biyar. Ai ruwa ba ya tsami banza, majenta ita ce kishiyar kore, in ta yi ƙaranci a haɗin dole kore ya leƙo, kamar yadda in siyan ce ta toshe hoto zai koma ja-ja. Na wanke kan firintar sau biyu na bar ta ta huta, da yamma layukan suka cika. Daga yau doka ce, ba na buga komai sai na ga gwajin nozul ya fita ba giɓi.

10 ga Janairu

Na daina gwaji da fuskar kaka. Na haɗa tsanin toka mai matakai 21, daga fari zuwa baƙi, kowane mataki ya ɗara na baya da kashi 5 cikin ɗari, kuma da kasonsa nake kiransa, 0 fari, 100 baƙi. Ɗan siriri ne, takarda ɗaya tana ɗaukar takwas, kuma ina rubuta saitin a gefen kowanne da fensir.

13 ga Janairu

Tsanin nan ya buɗe min ido sosai. A hoto kana ganin wani abu ba daidai ba amma ba ka iya nuna shi da yatsa, a tsani kuwa komai a fili yake. Mataki na 10 zuwa 25 sun karkata shuɗi-shuɗi, daga 35 zuwa 60 kore, daga 75 zuwa 90 sai su juya majenta, 100 kuma baƙi mai ɗan ruwan ƙasa. Wato ba kala ɗaya ce ta rufe hoton ba, yawo take yi. Wannan shi ya sa maɓallan nan na direba, wato manhajar da ke sarrafa firinta, da ake ja a rage kore a ƙara majenta ba su yi min amfani ba, na gwada jiya har tsani shida, in na gyara tsakiya sai inuwa ta ƙara yin ja, an gudu ba a tsira ba kenan.

Na ɗauko gilashin ƙara girma mai ninki 10 na duba mataki na 30. Babu ɗigon baƙi ko ɗaya! Duk ɗigo-ɗigon siyan ne da majenta da rawaya a jere, daga nesa ido yake haɗa su ya kira su toka. Dalili kuwa, firinta mai baƙi ɗaya in ta ce za ta yi toka mai haske da baƙin tawada sai ɗigon su yi nisa da juna a gan su kamar yashi, shi ya sa masu ƙera ta suka sa ta haɗa toka da kaloli uku, baƙi sai can wajen duhu yake shigowa. A hoto mai kala in haɗin ya kuskure da kaɗan ba wanda zai lura, ganye ya ɗan ƙara kore ai ganye ne. Amma toka ba ta da wurin ɓuya, kuskure kaɗan ido ya kama.

Har zaɓin nan na direba da ake cewa a buga da toka kawai na danna, na duba da gilashi, kalolin suna nan yadda suke. Abin da zaɓin yake yi shi ne ya cire kala daga hoton, ba daga tawadar ba.

Wani abu kuma da na yi da kaina a tsani na biyar: na bar manhajar gyaran hoto tana sarrafa kala da furofayil ɗin takarda, wato fayil ɗin da ke bayyana yadda kala take fita a kan wannan takardar, na kuma manta ban kashe sarrafa kala na direba ba. Ya fito ruwan hoda gaba ɗaya. In an ce manhaja ce za ta riƙe kala to direba ya saki, in direba ne manhaja ta saki, ba a bai wa biyu ragama ɗaya.

16 ga Janairu

Na gwada baƙin tawada zalla. A direbana sai ka zaɓi takardar rubutu ta yau da kullum kafin ya yarda. Gaskiya yawon kala ya tsaya cak, daga sama har ƙasa launi ɗaya ne, sai dai shi baƙin rinin kansa ba baƙi tsantsa ba ne, yana da ɗan shuɗi mai ja a ciki. Kuma yashin da na faɗa ya fito a kumatu da farar riga. Akwai hoto ɗaya na bango da bishiya wanda yashin ya yi masa kyau don ya yi kama da ƙwayar fim, amma fuska a'a, bai dace ba.

Na kuma lura tsanin da na buga jiya da daddare ba shi ne na gani yau da safe ba, koren ya ɗan lafa. Tawadar rini tana ɗaukar lokaci kafin ta zauna, don haka ba na sake yanke hukunci sai takarda ta kwana, awa 24.

24 ga Janairu

Wani abokina da yake aikin ɗab'i ya ara min na'urar awon kala, sifekturo suke ce mata, ya ce in riƙe wata ɗaya. Allah ya saka masa. Tana ba da lambobi uku: L haske ne daga 0 baƙi zuwa 100 fari, a in ta yi ƙasa da sifili kore ne in ta haura majenta ce, b in ta yi ƙasa shuɗi in ta haura rawaya. Na auna tsanina mafi kyau, a mataki na 50 lambar a ta ba ni kusan -3, a mataki na 85 ta ba ni +2 da ɗoriya. Daidai abin da idon Umma ya gani ba tare da na'ura ba, ido ba mudu ba ya san kima.

Na sauke ArgyllCMS, kyauta ce, Graeme Gill ne ya rubuta ta, sai dai ba ta da tagogi da maɓallai, umarni ake rubuta mata. Matakai huɗu ne: targen ta ƙirƙiri murabba'an kala, printtarg ta jera su a takarda, chartread ta karanta su da na'ura, colprof ta haɗa furofayil. Abin da ya fi min amfani shi ne a targen akwai -g, da shi za ka ce ta ƙara yawan murabba'an toka, na sa 128, don furofayil ɗin ya san hanyar toka ciki da waje, tunda nan ne damuwata. Na buga murabba'ai kusan 800 ba tare da wani sarrafa kala ba, na bar su su kwana.

26 ga Janairu

Awon ya ci min yamma guda, layi uku sai da na maimaita don hannuna ya yi sauri. Furofayil ya fito. Na buga tsani da shi, yau na auna: a da b duk suna tsakanin -1 da +1 in ban da matakai biyu na can ƙasa. Alhamdulillah! Na tsaya bakin taga da shi da hantsi, toka ce sosai, abin gwanin sha'awa. Na buga hoton kaka nan take.

26 ga Janairu, da dare

Da sauran rina a kaba. Hoton da ya yi kyau da rana, na shiga da shi falo ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa sai ya koma ja-ja, na kai shi ƙarƙashin doguwar fitilar nan ta fuloresen sai wata kalar ta daban ta taso. Takarda ɗaya, ɗaki uku, kala uku, kamar hawainiya.

29 ga Janairu

Na kwana biyu ina karatu a kan wannan hawainiyancin, sunansa metamarizim, kuma yanzu na fahimci dalilin da furofayil ba zai taɓa maganinsa ba.

Hasken da muke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kusan a ma'aunin tsawon zangonsa, shuɗi a ƙasa ja a sama. Siyan tana shanye ɓangaren ja, majenta tana shanye kore, rawaya tana shanye shuɗi. In ka haɗa ukun ka sami toka, to ba wai kowane ɓangaren haske aka shanye daidai wa daida ba, akwai tudu akwai kwari, wani wuri an sha da yawa wani wuri an bari. A ƙarƙashin hasken da aka yi lissafi da shi, wato D50 mai kelbin 5000 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske) wanda masu ɗab'i suka ɗauka a matsayin ma'auni, tudun da kwarin suna biyan juna ido ya ga toka. Da ka canza haske lissafin ya rushe. Ƙwan fitila irin na da mai zare wajen kelbin 2700 yake, ja ya yi masa yawa shuɗi ya yi kaɗan. Fuloresen kuma ya fi muni don haskensa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tsini-tsini ne, akwai tsini mai ƙarfi a nanomita 546 wajen kore da wani a 436 wajen shuɗi saboda makuri, wato zaiba, da ke ciki, in tsinin ya faɗa kan tudun tawadarka shikenan kalar ta fito. Na sa na'urar ta zana min yadda mataki na 50 yake mayar da haske, wallahi layin kamar hanyar duwatsu.

A colprof akwai damar ka ce a yi furofayil don wani haske na daban ba D50 ba, kuma na yi tunanin hakan. Amma hotunan nan rabawa za a yi, wasu wajen Umma wasu wajen ƙannenta, ban san fitilar kowa ba, kuma ko a ɗaki ɗaya rana daban dare daban.

Kabon kuwa, ɗan'uwan gawayi wanda ake yin tawadar toka da shi, yana shanye haske kusan daidai daga farko har ƙarshe, sai ɗan sassauci ta wajen ja wanda shi ke sa shi ɗumi-ɗumi kamar ruwan ƙasa. Layinsa a shimfiɗe yake, don haka duk fitilar da ka kawo ba ta da tudun da za ta kama. Maganar dai ɗaya ce, in ana son toka mai zama a wuri ɗaya sai a yi ta da tawadar toka, a rage kala iya yadda za a iya. Duk wahalar da na sha makonni ukun nan ƙoƙari nake in daidaita abin da tun asali bai kamata ya yi yawa a takardar ba.

Masu wannan sana'ar sun daɗe da gano haka. Jon Cone a Amurka ya yi tawadar Piezography, ana cire katirij ɗin kala gaba ɗaya a zuba inuwoyin toka, akwai samfurin K7 mai inuwa bakwai. Paul Roark ya daɗe yana haɗa nasa na kabon yana wallafa yadda ake yi. Roy Harrington ya rubuta QuadToneRIP wadda take ba ka iko a kan kowane katirij ɗaya bayan ɗaya a firintocin Epson. Su kansu kamfanonin sun biyo baya, a 2005 Epson ta fito da R2400 mai tawadar UltraChrome K3, baƙi uku kenan, baƙi da toka da toka mai haske, tare da yanayin bugu na musamman don baƙi da fari. Canon ma Pro-100 ɗinta ta 2012 tana da baƙi da toka biyu duk da cewa rini ce. Sadaukar da firinta guda ga toka zalla ya burge ni ƙwarai, amma ni ina buga masu kala ma, don haka mai baƙi uku zan nema.

11 ga Fabrairu

Shiru kwana biyu, nema nake. Na samu ta hannu, mai tawadar figimen wato mai gari-gari da ke zama a saman takarda, baƙi uku, tana ɗaukar har A3. Kafin in karɓa sai da aka buga gwajin nozul a gabana.

13 ga Fabrairu

Tsani na farko a yanayin baƙi da fari na sabuwar, ban taɓa komai ba, saitin tsaka-tsaki. Ko kafin awo na zaga da shi ɗakuna ukun nan. Ya ɗan motsa, ba zan ce bai motsa ba, amma sai ka sa ido sosai, kuma ba ya tsallakawa daga kore zuwa ja. Da gilashi na ga yawancin ɗigon toka ne, sai ɗan siyan da majenta masu haske jefi-jefi, waɗanda aikinsu su sanyaya ɗumin kabon. Awo ya nuna lambar a ba ta wuce rabin lamba ba a ko'ina. Hankalina ya kwanta.

Matsalar da ta fito ta daban ce. Matakai 90 da 95 da 100 sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, kuma a hotunan kaka akwai abubuwa da yawa a cikin inuwa, ninkin hula, ƙofar da ke bayansa, ba na so su nutse. Yanayin baƙi da fari ba ya bi ta furofayil ɗin kala, shi ke da nasa lissafin, don haka abin da allo ya nuna ba lallai ya zo daidai ba. Na sassauta saitin duhu mataki ɗaya, sannan na auna matakai 21 ɗin na zuba lambobin a wata ƴar manhaja da ke zuwa tare da QuadToneRIP mai suna QTR-Create-ICC, ita kuma ta haɗa min furofayil na toka kawai, ba ruwansa da kala, haske da duhu yake gyarawa. Yanzu kowane mataki ana bambance shi da maƙwabcinsa har 95 da 100. Na kuma rage hasken allona zuwa wajen kandela 100 a ma'aunin ƙarfin haske, da can ya yi haske da yawa shi ya sa nake ganin komai a inuwa alhali takarda ba za ta iya nunawa ba.

Na kashe bugun sauri mai kai da komo, na bar kan yana fesawa ta gefe ɗaya. Yana ɗaukar lokaci amma sararin sama a hoto na tara ya fita sumul.

20 ga Fabrairu

Makon takarda. Ban taɓa zaton nan ne zan fi daɗewa ba.

Ina da iri uku. Ta farko mai ɗan sheƙi ce fara fat, ta biyu ta auduga marar ƙyalli, ta uku barita, wadda aka shafa wa sinadarin bariyam salfet irin na takardun wanke hoto na ɗakin duhu. Na auna su ba tawada. Ta farko b ɗinta ya kai -5, wato shuɗiya ce ma ba fara ba, ta auduga +2, barita kusa da sifili ta ɗan leƙa sama. Farin ta farkon na aro ne, akwai sinadarin ƙara fari a ciki irin wanda ake sa wa garin sabulun wanki, yana shan hasken ultrabayolet da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi. Da rana tana ta walƙiya, da dare a fitilar da ba ta da wannan hasken sai ta dushe, ke nan ita takardar kanta hawainiya ce tun kafin tawada ta hau. In aka sa ta bayan gilashin firem mai tare ultrabayolet farin zai mutu, kuma sinadarin yana gajiya da shekaru takarda ta koma launinta na asali. Hotunan da nake so jikoki su gani ba zan ɗora su a kanta ba. Na ajiye ta gefe don gwaji kawai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne wannan. A ta auduga na dage sai da na sa lambar a da lambar b na tsakiyar tsani suka zama sifili cif, ina ganin na kai ƙarshe. Da na kalla sai tokar ta yi min shuɗi-shuɗi, sanyi ƙalau kamar ƙarfe. Na sake awo, lambobi suna nan daidai. Ashe ido ba da sifili yake gwadawa ba, da farin takardar da ke gefe yake gwadawa, tunda takardar tana da ɗumi +2 to duk abin da ya zauna a sifili zai zame masa shuɗi. Kuma ga tsalle, farin riga ɗumi don takarda ce tsirara, kumatu sanyi, baƙi kuma ɗumi don kabon ne. Yawon nan dai da na gudu a Janairu, sai dai ƙarami.

Sai na bar bin sifili na bi takarda. Na matsa saitin launi kaɗan wajen ɗumi har b ta zauna tsakanin +1.5 da +2.5 tun daga fari har baƙi, lambar a kuma na bar ta kusa da sifili ta ɗan leƙa sama kaɗan, don na lura ido yana yafe ɗumi yana yafe sanyi amma ba ya yafe kore ko kaɗan, musamman a fuskar mutum. Na nuna wa mutum uku a gida tsani biyun ba tare da bayani ba na ce wanne ne toka tsantsa, duka ukun mai ɗumin suka nuna. Kuma ƙarin alheri, tunda ɗumi halin kabon ne, matsawa can yana nufin an rage siyan da majenta, hawainiyanci ya ƙara raguwa.

25 ga Fabrairu

Auduga ko barita. Cikakken baƙin firintar iri biyu ne, na takarda marar ƙyalli da na mai sheƙi. Baƙin auduga da baƙin tawada na takarda marar ƙyalli ya tsaya a L 17, wato yana mayar da wajen kashi 2.3 cikin ɗari na haske. Barita da ɗaya baƙin na masu sheƙi ta sauka har L 5, kusan rabin kashi ɗaya. A hannu bambancin a bayyane yake, barita tana da zurfi kamar ka sa hannu ciki. Amma in ka karkata ta wajen fitila akwai ɗan ƙyallin tagulla a wuraren toka mai duhu, kuma inda farin riga ya ƙure ba tawada sheƙin wurin ya bambanta da na kewaye, kamar an yi faci. Na magance na biyun, na sauke fari mafi ƙarshe daga 255 zuwa 252 don ko'ina ya samu ɗan feshi. Na tagullar yana nan kaɗan, ta gefe kawai ake gani.

Na sa duka biyun a bayan gilashi na jingina a bango na ja baya taku uku. Tazarar baƙin ta ragu sosai, gilashi yana ƙara wa auduga zurfi. Kuma fuskar kaka a auduga ta fi taushi, ta fi kama da yadda nake tuna shi. Na zaɓi auduga don hotunan fuska guda 11, barita don ukun da aka ɗauka a waje masu inuwa mai ƙarfi.

Canza baƙi daga na wannan takarda zuwa na waccan yana cin tawada a irin firintata, don haka zan gama na auduga duka tukunna.

3 ga Maris

Na maida na'urar awo ga mai ita, na ƙara kwanaki a kan wata ɗayan ya ce ba komai. Kafin nan na auna tsani na ƙarshe na kowace takarda na rubuta lambobin, na kuma ajiye tsanin kansu cikin ambulan a wuri mai duhu, duk ranar da na canza katirij zan buga sabo in jera su in gani ko wani abu ya gusa.

An buga 11. Na kai wa Umma na farar rigar, wannan karon da dare ne ƙarƙashin fitilar falo, da gangan. Ba ta yi maganar kala ba sam. Ta ce "ka ga tabon nan na gefen girarsa, faɗuwa ya yi daga kan keke," ta ci gaba da ba ni labarin da ban taɓa ji ba, har ta ce in buga mata ƙarami wanda za ta ajiye kusa da gado.

9 ga Maris

Na barita biyu sun fita lafiya. Na ukun, hoto na 14, nagatif ɗin yana da ƙarce dogo daga sama har kafaɗa, sai na zauna na share shi a hankali kafin bugu, ƙila ya ci min kwana biyu.

Kwalin da ake zagaye hoto da shi a firem wanda na fara samu fari ne fat mai sinadarin nan, da na ɗora shi a kan auduga sai ya sa takardar ta yi kamar ta tsufa ta yi rawaya. Na mayar, ina neman mai ɗan ɗumi wanda ba shi da asid. Zan tafi da guntun takardar a aljihu in gwada su gefe da gefe a hasken taga kafin a yanka. Sai ƙaramin na Umma, shi ma a auduga, gobe in sha Allah bayan gwajin nozul.